Manomin da Ya Hana a Taɓa Ƙarƙashin Motarsa

Akwai wani manomi da yake da gonar citta a bayan dutse, inda kwalta ba ta kai ba. Hanyar gonar duwatsu ce da laka, ga kuma rafi a tsakani. Yana da wata tsohuwar a-kori-kura mai shan dizal, irin wadda ƙafafunta huɗu duka suke ja, amma tsufa ya kama ta. Tana hayaƙi, tana nishi a hawa, in ta faɗa laka kuwa sai an tara mutane.

Da damina ta kusa, sai ya kai ta garejin wani bakanike mai suna Habila, dattijo ne da ya yi furfura a cikin aikin. Manomin nan kuwa bai yarda da kowane bakanike ba, gama an taɓa cire masa famfon mai na asali a wani gareji, aka sa masa na jabu. Tun daga ranar, duk mai riƙe da sifana ɓarawo ne a idonsa.

Ya ce, "Ka wanke mini inji, ka sa manyan tayoyi, ka canza sifirin ka ɗaga ta sama, ka ɗaura fitilu a ka." Sa'an nan ya jawo benci ya zauna. Duk abin da aka kwance sai ya ɗauka ya jujjuya. Ko abinci ba ya tashi ci, don kada a yi masa musanya a bayan idonsa.

A rana ta uku Habila ya fito daga ƙarƙashin motar yana goge hannu, ya ce, "Maigida, akwai magana. Tsatsa ta ci shasi, wato ƙarfen da yake ɗauke da motar duka. Ga tsaga can kusa da ƙafar baya. Sai an sauke bodi, an yi walda, an ƙara ƙarfe. Ka bar mini ita kwana goma."

Manomin ya ce a ransa, "Yawwa, an zo wurin. Ya san ba zan iya zaman kwana goma ba. Ina juya baya zai kwashe kayanta masu kyau." A fili kuwa ya ce, "Shekara goma sha biyar ina hawanta, ban taɓa ganin tsaga ba."

"Ka kwanta ka leƙa da idonka," in ji Habila.

"Wa ya san wanda ya tsaga ta? Kai dai yi abin da na sa ka."

Habila ya dube shi ya ce, "Tayoyin nan za su kai ka inda ba ka taɓa kai ta ba, da kayan da ba ta taɓa ɗauka ba. Ina jiye maka tsoro." Sa'an nan ya ƙarasa aikin yadda aka sa shi.

Motar ta fito a miƙe, injin yana ƙara mai daɗi, mutanen gari suna tsayawa kallo. Da ruwa ya sauka, manomin ya loda mata irin cittarsa duka, da buhunan taki, ya nufi gona. Ta haye dutse kamar sabuwa. Amma da ta shiga rafi, ƙafar baya ta daki wani dutse, sai aka ji ƙas! Shasin ya karye, bayan motar ya zauna cikin ruwa. Manomin ya fito da ƙyar, yana tsaye a gaɓa yana kallo ruwa ya narkar da takin, ya tafi da irin da zai shuka a shekarar.

Da Habila ya ji labari, ya zo da babbar mota da sarƙa, ya ja ta zuwa gareji. Bai ce masa "Ai na faɗa maka" ba. Ya dai tambaye shi, "Yanzu ka yarda in sauke ta?" Manomin ya daɗe yana juya makullin a hannunsa, zuciyarsa tana ta kawo masa zato iri iri. Daga baya ya miƙa, ya tafi gida a ƙasa.

Ma'anar wannan misali ita ce, motar nan rayuwarka ce, bakaniken kuwa Ubangiji ne. Da yawanmu muna zuwa wurinsa da jerin abin da muke so ya ƙara mana: lafiya, suna, ci gaba, abin da mutane za su gani su yaba. Amma in ya sa yatsa a kan ƙiyayyar da muka ɓoye, ko ƙaryar da muka saba da ita, sai mu fara zarginsa. Muna tsammani so yake ya raba mu da abin da yake mana daɗi. Wani ma don mutum ya taɓa cutarsa, har mai wa'azin da yake tsayawa a kan bagade, shi ya sa ya ɗora laifin a kan Allah.

'Yan'uwa, Ubangiji bai taɓa yi wa kowa musanya ba. In ya nuna maka tsaga, akwai ta, kuma ya san rafin da yake gabanka. Manomin nan ya sami motarsa daga baya, amma shukar shekarar ta wuce shi. Wane wuri ne a zuciyarka ka ce masa kada ya taɓa? Ka buɗe masa shi yau, tun kana kan tudu.