Takalmin Habila

Akwai wani baduku a wani ƙauye, gwani ne ƙwarai, amma ba ya barin aiki ya fita daga rumfarsa sai ya ga ba shi da aibi ko kaɗan.

Wata rana maƙwabcinsa Habila, wanda ƙafarsa ta hagu ba ta kai ta dama tsawo ba, ya zo ya ce, "Ɗan'uwa, yi mini takalmi mai tudu. Bana ina so in riƙe damin dawata da hannu biyu, in kai shi gaban ikilisiya ranar godiyar kaka, ba sanda."

Baduku ya yi murna, ya kama aiki. Ya ɗinka, ya warware, ya sake ɗinkawa, har da ado na jan zare. Dawa ta yi kai, ta nuna, aka fara yanka. Kullum Habila ya leƙo, sai ya ce masa, "Da saura."

Da ya rage mako biyu kafin ranar godiya, matar baduku ta ce, "Maigida, wai kai za ka taka shi ne, ko Habila?" Ta ɗauki takalmin yadda yake, ta kai masa.

Kafin azahar ga Habila ya dawo yana ɗingishi, yana dariya. "Adon kam ya yi kyau, amma tudun ya yi yawa. Yanzu ta dama ce gajera!"

Baduku ya ji kunya, ya rage tudun. Washegari Habila ya ce yana cin diddige, aka sassauta. Da ya hau dutse ya zame, aka sake tafin. Sau biyar takalmin nan yana komawa rumfa, har adon ya lalace.

Ranar godiya kuwa, sai ga Habila da dami a ka, yana tafe yana rawa! Mata suka ɗau guɗa. Sandar tana gida, jingine a bayan ƙofa.

Ma'anar wannan misali ita ce, 'yan'uwa: takalmin shi ne baiwar da Allah ya sa a hannunka, Habila kuwa shi ne wanda yake jiranta. Abin da baduku bai gano ba cikin wata huɗu a zaune, ƙafa ta nuna masa kafin azahar. Kada tsoron gyara ya sa ka ɓoye aikinka. Miƙa shi da tawali'u, ka saurara, ka gyara, gama ranar godiya ba za ta jira ka ba.