Ranar da Jimrau Ya Ci Geron Iya Kyallu

Ku ci gaba da ɓarar gyaɗarku, hannu na aiki kunne na saurare. Amma wanda ya san ba shi da bakin gardama gara ya tashi tun yanzu, don wannan labari ba a jin sa a watse shiru.

A zamanin da, an yi wani gari wai shi Fadamar Kanya. A garin nan kowane gida da asirinsa, kuma kowa ya san na kowa, kamar yadda kuka san gidan su wane ne marina. Maƙera da tsurar hannu suke ɗauko ƙarfe daga wuta. Masunta kan nutse ƙarƙashin ruwa su yi ƙailularsu su fito. Su kuwa gidan sarauta, gidan Magaji Nomau, rikiɗa ce tasu, gauraka suke zama. Sai dai sharuɗɗan kowane asiri a cikin gida suke tsayawa, bare ba ya jin su.

Al'adar gidan Magaji, duk ɗan da zai yi gado, in ya isa mutum sai a jira kaka, a kai shi bakin fadama, ya rikiɗa ya tashi ya zaga ƙasar duka. Ya ga gonar da ta yi kyau da wadda fari suka cinye, ya ga rijiyar da ta ƙafe da hanyar da ruwa ya yanke, ya dawo ya faɗa wa dattawa abin da idonsa ya gani. Sai an yi haka ake shimfiɗa masa buzu kusa da ubansa. Sharaɗin ɗaya ne. Muddin yana cikin fuka-fuki, kada ya sa ƙwayar hatsin kowa a bakinsa. In ya ci, zai manta shi mutum ne, ya bi gauraki, shi ke nan.

Ɗan Magaji Nomau shi ne Jimrau, yaro mai kunya da ladabi, wanda bai taɓa sanin yunwa ba, don tun kafin cikinsa ya yi ƙugi an ajiye masa akushi. Da shekararsa ta zo aka raka shi bakin fadama da kiɗa. Ya girgiza, sai ga gauraka mai tukku kamar zinariya ta tashi sama. Wayyo daɗi! Yaron da ko katanga ba a bari ya hau, ga shi yana kallon garinsu kamar faifai a ƙasa. Ya yi ta zagaye yana riƙe duk abin da ya gani a ransa, har ya kusa gamawa. A nan yunwa ta fara gaishe shi.

Ya sauka ya huta a gefen wata 'yar gona. Mai gonar wata tsohuwa ce, Iya Kyallu, tana shiƙar gero ita kaɗai. Da ta ga tsuntsu ya tsaya kusa da ita ba ya tsoro, ta gane ko wane ne, don duk ƙasa an san ɗan Magaji yana sama. Murna ta kama ta. Ta durƙusa, ta cika tafin hannunta da gero ta miƙa.

Ta ce, "Ranka ya daɗe, ba ni da abin da ya fi wannan. Kada ka raina."

To fa. Tun Jimrau yana rarrafe ake karanta masa cewa ɗan gidan Magaji ba ya mayar da hannun kyauta baya, balle hannun talaka, babu abin kunya da ya kai wannan. Ga shi ba bakin da zai yi mata bayani. Ya ga tsohuwa tana nan durƙushe da hannu a miƙe, ya ce a ransa bari ya taɓa da baki kawai don ta ji daɗi. Baki ya taɓa, maƙogwaro ya karɓa. Ni dai har yau ban iya ganin laifin yaron nan ba.

Nan take komai ya goge. Ya ji kukan gauraki daga fadama, ya tashi ya bi su. In gaskiya za a faɗa, Jimrau bai taɓa samun kwanciyar hankali irin ta kwanakin nan ba. Ya yi kiwo, ya sha ruwa, ya tsaya da ƙafa ɗaya ya yi gyangyaɗi, ba mai ce masa gyara zama. A gari kuwa hankali ya tashi. Magaji ya tsufa, fuka-fukinsa sun daina ɗaukarsa. Ruwan fadama yana janyewa, kuma kowa ya san da zarar ya ƙafe gauraki za su yi ƙaura, su tafi da magajin gari.

Wadda ta fara tashi yayarsa ce, Tasalla, wadda ta goya shi tun uwarsu ta rasu. Gauraki a fadamar nan ba su ƙidayuwa, kuma duk kamarsu ɗaya, masu duba sun buga ƙasa sun gaji. Tasalla ta ɗaura zane ta shiga cikin laka har ƙugu, ta zauna cikin ciyayi, sauro na ci, matsattsaku na sha, ba ta ko motsi. Kwana da kwanaki tana nan har zazzaɓi ya kama ta. Kun san gauraki da rawa da hantsi. Ita rawar take kallo, don ta san ƙanenta tun yana yaro in makaɗi ya yi gabas ƙafarsa yamma take yi, har ana yi masa dariya a gidan biki. Ran nan ta hango wani tsuntsu can tsakiya, kowa ya sauka shi yana tsalle, kowa ya yi tsalle shi yana sauka. Ta yi dariya hawaye na zuba, ta rarrafo ta fito ta nuna shi.

Na biyu abokinsa ne, Barmo, ɗan Sarkin Baka. Ganin tsuntsu daban, kama shi daban. Ba a sa wa ɗan Magaji tarko, ba a harbinsa, don gashin fiffike ɗaya in ya karye yatsa ne ya karye. Gaurakin nan kuma sun san burtu, sun san duk wata dabarar maharbi. To, a gidan maharba kowane saurayi ana ba shi layar zana guda, sau ɗaya take aiki a rayuwa, ana ajiye ta ne don ranar da zaki ya ritsa da mutum. Sarkin Baka ya ce wa ɗansa ya yi tunani, daji ba ya ba da rance. Barmo ya ce ya ji. Ya ɗaura layarsa ya ɓace, ya ratsa tsakiyar garken, ya rungumi tsuntsun da Tasalla ta nuna. Jimrau ya yi ta saran fuskarsa har jini ya rufe masa ido, Barmo bai saki ba, bai kuma matse shi ba. Da yammacin ranar gauraki suka yi ƙaura.

Ta uku Iya Kyallu ce. An kawo tsuntsu gida, amma tsuntsu ne, ko ubansa bai sani ba. Dattawan gidan suka ce hatsin da ya ɗaure shi, uwar hatsin ce kaɗai za ta kwance shi, kuma sai mai ita ta bayar da kanta, ba a ƙwata ba a saya. A gidan manoma kowane rumbu yana da uwar gero, zangarniya guda da aka gada kaka da kakanni, muddin tana rataye rumbun ba ya ganin ƙasa. Da ita tsohuwar nan take ci, ga tsufa, ga ba ɗa ba jika. Ba wanda ya san a gonarta aka yi ɓarnar, da ta yi shiru da ta zauna lafiya. Da labari ya iso mata ta ɗora hannu a ka, ta shiga rumbu ta kwanto zangarniyar, ta tako da sandarta har gaban Magaji.

Ta ce, "Ranka ya daɗe, ni na ba shi. A kawo mini turmi."

Ta daka da hannunta, ta yi gumba, ta buɗe bakin tsuntsu ta ɗura. Ya girgiza. Sai ga Jimrau zaune a ƙasa yana ƙifta ido, ya dubi Tasalla ya ce, "Yaya, me ya sami ƙafarki?"

Gari ya ɗauki guɗa. Jimrau ya tsaya gaban dattawa ya zayyana abin da ya gani a ƙasar, bai manta ko rijiya ɗaya ba, suka ce yaro ya zama mutum. Aka ɗauko buzu za a shimfiɗa, sai ubansa ya ce ya buɗe tafin hannunsa. Ya buɗe, ya ga silin gashin tukku guda yana ƙyalli. Magaji ya gaya masa abin da ba a faɗa wa ɗa sai ya dawo. Duk wanda ya riƙe gashin nan, ko ina Jimrau ya shiga zai iya kiransa ya dawo, in kuwa gashin ya karye ransa ne ya karye. Mai shi ba ya riƙe abinsa, ba a raba shi biyu, kuma ba a zama kan buzu sai an damƙa shi a hannun mutum ɗaya, har mutuwa.

Jimrau ya ɗaga ido. Ga Tasalla da kumburarrun ƙafafu, ga Barmo da ɗaurarriyar fuska, ga Iya Kyallu tana goge taɓarya da gefen zanenta. Ya ji duka ukun sun cika masa zuciya. Ya roƙi ubansa ya zaɓa masa. Tsoho ya yi murmushi ya ce shi ma a zamaninsa ba wanda ya zaɓa masa.

To, ku ajiye gyaɗar nan ku dube ni. Ba don Tasalla ba, da ba a san wane tsuntsu za a kama ba. Ba don Barmo ba, da ya bi gauraki tana kallo. Ba don Iya Kyallu ba, da har yau ana watsa masa tsaba a tsakar gida, ko da yake na ga wasunku sun fara motsa baki za su ce ai ita ta ja. Ga Jimrau tsaye da ransa a tafin hannu, buzu na jira. A hannun wa zai sa gashin nan?