Dalilin da Ya Sa Zabuwa ke Kwana a Kan Bishiya

Dalilin da ya sa zabuwar gida ba ta shiga akurki, ba ta kuma komawa daji, shi zan gaya muku. Ɗanliti, ajiye dutsen nan! Tsuntsuwar nan abar tausayi ce.

A da can, zabi ba su san hanyar gida ba. Akwai wata mata, Tabawa, mai kaza guda. Kazar nan ba ta da sa'a, wallahi. Duk 'yan tsakin da ta ƙyanƙyashe, shirwa ta kwashe. Ta rame, ta daina cin tsaki.

Wata rana Tabawa na ciyawa a gonar gyaɗa, ta tsinci ƙwan zabo. Ta kawo, ta tura ƙarƙashin kazar, ta ce, "Ungo, baiwar Allah. In kin rene shi, naki ne."

Kaza ta kwanta har ya fashe, 'yar mace ta fito. Kai, zo ka ga gata! Ta koya mata tono, ta koya mata zuwa in an watsa tsaki, da shiga akurki kafin magariba.

To, 'yar ta girma, ɗigo-ɗigo suka fito mata. Da lokacin kaka ya zo, ta ji kukan zabi a bayan gari, jikinta ya hau tsuma. Ba wanda ya koya mata tashi, amma fir, ta haye katanga, ta nufi daji.

Zabin daji suka kewaye ta. Babbansu ya ce, "Warin hayaƙi kike yi. Kin ga mutum kin nufe shi, so kike a kama mu?" Suka tsattsage ta, suka kore ta.

Ta dawo gida jina-jina. Da ta sa kai a bakin akurki, sai numfashinta ya sarƙe. Ta ja baya, ta haye tsamiyar tsakar gida.

Kaza ta tsaya a gindi. "Sauko, 'yata, rana ta faɗi."

"Inna, na kasa."

"Ni fa na kwanta a kanki. Me na rage miki?"

"Ba ki rage komai ba. In ina daji, ke nake tunawa. In na shiga akurki, ji nake zan mutu."

Tabawa ta yi korar duniya, kaza ta ƙi shiga. Ta ce ba za ta sake kwana 'yarta na waje ba. Ta yi tsalle, fiffikenta bai kai ta ko reshen farko ba. Nan ta lafe a gindin tsamiya.

Da gari ya waye, sai gashi warwatse da sawun muzuru. Tabawa ta zauna a ƙasa, ta rushe da kuka tana cewa, "Ni na haɗa su."

Shi ya sa har yau zabuwa ke cin tsaki a gida, ta yi ƙwai a daji, ta kwana a reshe. Kukan nan da kuke yi wa dariya da magariba, innarta take kira, kuma ba mai amsawa.