Baƙin Dutse a Tsakar Ɗaki

Akwai wani a cikinmu, ba zan kama suna ba, wanda tun ranar da wa'azi ya taka masa yatsa ya koma bencin baya yana kumbure-kumbure. To, ya buɗe kunne.

Akwai wani mutum da ya gina ɗakinsa a gindin tsauni. Da aka zo daɓe, sai ga wani baƙin dutse ya turo doro a tsakar ɗakin, ya ƙi rufuwa. Aka bar shi haka tsirara. Matar gidan ta mai da shi ɗan gida. Kullum sai ta wanke shi, a kansa take girke randa, ruwanta sanyi ƙalau ko a tsakiyar bazara. Shi kuwa maigidan, duk safiyar Allah sai ya yi tuntuɓe da shi.

Ran nan farcen babban yatsansa ya fita. Ya tashi a fusace ya jibga itace a kan dutsen, gama haka mutanen wurin suke yi: a gasa dutse yini guda, a kwara masa ruwan sanyi, ya tsage.

Matar ta tare ƙofa. "Maigida, kafin ka ƙyasta ashana, ka san inda ya ƙare?"

"Ina ruwana da inda ya ƙare? Na san inda ya fara, ga jini nan!"

"Ungo fartanya, bi shi. In ka kai ƙarshensa, ni da kaina zan ɗebo maka ruwan."

Ya shiga tono yana mita. Ya bi gabas, dutse ya shige ƙarƙashin bango. Ya bi yamma, haka. Ashe ɗakin ɗungum a kan dutsen yake zaune. Da ya tsage, da bango ya bi shi. Mutumin ya kwashe itacensa. Tun daga ranar ya koyi ɗaga ƙafa.

Ma'anar wannan misali ita ce: dutsen Maganar Allah ne, ɗakin kuwa rayuwarka. Gefen da ya fito yana bugunka, da gefen da ke ƙasa yana ɗauke da kai, ai dutse ɗaya ne. Ba ka fasa tsawatawar Ubangiji ka tsira da alkawarinsa. Kai, mai albarka ce matar nan! Ba ta ja gardama ba, fartanya kawai ta miƙa.

Na bencin baya, itacenka na jibge, ashana na aljihunka. In ƙarya nake, tashi ka musa.