Kwanon Ruwa a Kan Kabarin Mbah Sarmi

Akwai wani mai awara a ƙauyenmu, sunansa Wagiran. Da itace ya yi tsada, sai ya koma hura wutar tukwanensa da tarkacen leda.

Hayaƙin ya sa wa mahaifiyarsa, Mbah Sarmi, wato Kaka Sarmi, tari. Yana son tsohuwar nan ƙwarai. Ya gina mata ɗaki a ƙetaren gonakin shinkafa, can cikin kwari, nesa da wutar. Sannan ya ɗora durom uku a kan bututun hayaƙin, har ya fi bishiyar kwakwa tsawo. Tsakar gidansa ta yi fes.

Wata safiya Tumini, maƙwabciyar tsohuwar, ta zo masa da farin kwano. Ruwa ne a ciki, baƙar toka na yawo a kai. A wurinmu Kang ake ce wa namiji, Yu ake ce wa mace, don girmamawa.

"Kang, kwanon nan a waje ya kwana. Duk safiyar da aka yi sanyi iska ta kwanta, hayaƙinka a kanmu yake sauka. Mijina ko barci ba ya yi."

Wagiran ya nuna sama da ludayi. "Dubi inda yake tafiya, Yu. Sai dai tsuntsaye su kawo ƙara. Ki ce wa mijinki ya rage taba."

"Mbah ma tana tari."

"Tsufa ne. Ai don ita na ɗaga bututun."

Kafin a girbe shinkafa, Mbah Sarmi ta rasu da asuba. Mata suka yanka likkafani, suka ajiye a baranda kafin a gama wanka. Da Wagiran ya zo ɗauka, sai ya ga ɗigo-ɗigon baƙi a kai. Ya goge da yatsa, ya shinshina. Ƙonanniyar leda.

Ya ɗaga kai. Ma'aikatansa sun riga sun hura wuta. Hayaƙin ya miƙe sama, ya ranƙwafo a hankali, ya kwanta a kan rufin ɗakin mahaifiyarsa.

Ranar ya kashe wutar, bai sake hura ta ba.

Har yau kullum da safe yakan ajiye kwanon ruwa a kan kabarinta, ya tsuguna yana leƙawa. Ruwan garau yake, amma bai daina leƙawa ba. Ina ganinsa, domin kabarin mijina yana kusa. Ni ce na kai wa Wagiran kwanon farko.

Darasi: Cutar da ka kawar daga ƙofarka ba ɓacewa ta yi ba, a kan wani take sauka, kuma ba kai ke zaɓar wanda za ta samu ba. In an kawo maka kuka, ka saurara. Ku tura wa duk mai hura wuta a cikin mutane.