Nomau da Gayyar Gudu

Ku matso kusa da wuta, manya ku bar wa ƙanana gaba. Ga ta nan, ga ta nanku!

Ta zo mu ji ta, Iya!

An yi wani ɗan kokawa a garin Rafin Gawo, sunansa Arzika, wanda bayansa bai taɓa taɓa ƙasa ba. Tsakanin garinsu da Tudun Ƙaya, wanda ke bayan dutse, akwai wata tsohuwar ganga. Duk kaka, in an gama girbi, sai a fito da ita fage a yi kokawa a kanta. Al'adar kuwa ita ce, ɗan gidan da gangar take shi kaɗai zai shiga ya kare ta. In ya kayar, ta koma gidansa. In aka kayar da shi, baƙi su saɓa ta a kafaɗa su tafi. Tun Arzika yana saurayi gangar nan take rataye a zaurensa, har maratayin ya lanƙwasa.

Ran nan, da farkon damina, Allah ya yi wa Arzika rasuwa. Ya bar rumbuna cike da hatsi, da garken awaki, da ɗa guda ɗaya mai suna Nomau.

Nomau fa sai dai a yi shiru. Tun yana yaro, in ubansa ya fita gudu da sassafe, shi gyara kwanciya yake yi. In buta ta yi masa nisa, sai ya jira wani ya zo wucewa. Amma gangar nan yana son ta har ransa, domin in ya dube ta ubansa yake gani. Da ya tuna kaka tana tafe, kuma Cindo, ɗan kokawar Tudun Ƙaya, yana can yana jira, sai ya ga zama bai kama shi ba. Ya tashi ya tafi wurin gwaggonsa Tabawa, yayar ubansa.

Ya ce, "Gwaggo, me Baba yake yi ne da ba a kayar da shi?"

Ta ce, "Abin da kake gani kana kwance mana. Gudu, don numfashi ya daɗe. Ɗaukar nauyi, don damtse ya cika. Miƙe gaɓoɓi, don jiki ya saki. Sai hutu, don jiki ya gyara kansa. Yau kaɗan, gobe ka ɗan ƙara. Tashi ka fara, ɗan nan, da sauran lokaci."

Washegari Nomau ya fita. Maganar kaɗan-kaɗan ɗin nan ba ta yi masa ba, so yake ya gama komai rana ɗaya ya huta. Sai ya zabura a guje kamar an biyo shi. Kafin ya kai kukar bakin gari haƙarƙarinsa ya soke, ya zube a gindinta yana haki.

Sai ga Dila ya ɓullo daga cikin dawa, ramamme, cikinsa a manne da baya. Ya durƙusa ya ce, "Ranka ya daɗe, Magajin Ganga, wa ya biyo ka?"

"Ba kowa. Gudun kokawa nake yi."

Dila ya kama baki. "Da ƙafarka? Kai mai rumbuna? Ranka ya daɗe, gonar nan taku ta fadama, kai ka nome ta bana?"

"A'a, gayya aka yi."

"Bara fa?"

"Gayya."

"Hatsin da aka samu, rumbun wa ya shiga?"

"Namu."

"To! Wasu suka yi gumi, amfani ya zama naku. Me ya raba jiki da gona? Ai duk mallakarka ne. Kira gayya kawai a yi maka gudun, a ɗaukar maka nauyin, a miƙe maka gaɓoɓin. Hutun nan kuwa, shi ne mai wuyar, ba a ba kowa. Kai za ka riƙe shi da kanka."

Nomau ya ji maganar ta zauna masa daram. Ya ce a ransa, ashe Baba wahalar banza ya yi ta sha, Allah ya jiƙansa.

Lokacin an gama maimai, wato noma na biyu, mutane ba su da aikin gaggawa. Dila ya bi gida-gida yana raba goron gayya. A Rafin Gawo kuwa ba a ƙin gayya, domin wanda ya ƙi ta wani, ranar tasa shi da fartanyarsa kawai za su je. Mutane suka yi ta gunaguni, wai su tun da suke ba su taɓa jin gayyar gudu ba. Amma suka fito. Nomau ya sa aka dama fura, aka tuƙa tuwo, aka yanka akuya. Dila shi ne mai rabo, cinya kuma tasa ce.

Samari suka karɓi gudu. Da farko iyakarsu kukar bakin gari, su dawo harshe a waje. Sannu a hankali suka kai rafi, har suka kai gindin dutse su dawo suna hira. Su tsaya a ƙofar zaure su ce, "An yi maka, Nomau!"

Shi kuma daga kan tabarma ya ce, "Madalla, na ji a jikina."

Magidanta suka karɓi ɗaukar nauyi. Suka fara da ƙananan duwatsu, suka koma turame, har maƙerin garin ya zama yana ɗaga turmi biyu yana amsa gaisuwa. Su zo su ce, "An yi maka, Nomau!"

"Madalla, na ji a jikina."

Tsofaffi aka bar wa miƙe gaɓoɓi, a inuwar gawo. Ranar farko sai ka ji ƙas, ƙas, kamar ana karya kara. Amma kafin dawa ta yi kai, Mai Unguwa ya sunkuya ya taɓa yatsun ƙafarsa, waɗanda rabonsa da su tun yana ango. Su ma su zo su ce, "An yi maka, Nomau!"

"Madalla, na ji a jikina."

Shi kuwa ya riƙe nasa aikin tsakani da Allah. Ya huta da safe, ya huta da rana, in ya gaji da hutawa ya juya ɗaya gefen. Tumbi ya fito, wuya ya ɓace. Dila ma haka, fatarsa ta yi sheƙi, har ba ya iya ratsa dangar gidan sai ya zagayo ta ƙofa.

Gwaggo Tabawa ta shigo wata rana daga inuwar gawo, ba sandar da ta saba dogarawa a hannunta. Ta ce, "Ɗan nan, ka ga gwiwata ta daina ciwo. Amma gwiwata ce fa, ba taka ba. Wannan tumbin kuma na mene ne?"

Dila ya yi caraf ya ce, "Ƙarfin ne ke taruwa, Gwaggo. A ina kike so a zuba shi? Ai rumbu ne."

Ta dube shi, ta dubi ɗan ƙanenta, ta ce, "Allah ya kyauta." Ta fita tana share ido da bakin zane.

Maganar ta tsaya wa Nomau a rai. Da ya ga ba kowa, ya miƙe don ya sauko da gangar ya kaɗe mata ƙura. Ya ɗaga, ta ƙi ɗaguwa. Ya sake, ko motsi ba ta yi ba. Ya kira Dila ya faɗa masa, murya ƙasa-ƙasa.

Dila ya dafe kai. "Subhanallahi! Ka buɗe rumbu tun kafin ranar? So kake ya tsiyaye? Kwanta maza, ranka ya daɗe, kada ka sake motsi."

Can ƙasan zuciyarsa Nomau ya san akwai ƙarya a ciki. Amma yarda ta fi tashi sauƙi, sai ya koma ya kwanta.

Kaka ta zo, aka gama girbi, aka share fage. Warkin kokawar Arzika ya ƙi zagaye ƙugun ɗansa, sai da aka haɗa da na maƙwabci. Aka ɗora shi a kan jaki don kada ƙarfi ya zube a hanya. Aka ajiye ganga a tsakiya. Cindo ya fito, wani ɗan siriri, jiki duk jijiya. Nomau ya dube shi ya ji sanyi a ransa, ya ce wannan ai ko gayyar yara ba a yi masa ba.

Aka ce a kama. Cindo bai kama ba, sai ya hau zagaye shi. Nomau ya juya, ya juya, ya sake juyawa, numfashi ya ƙare. Ya bugi tumbi ya ce, "Ƙarfi, fito!" Shiru. Ya sake bugawa, "Ƙarfi, fito mana, yau ce ranar!" Ba abin da ya fito sai gyatsar fura. Cindo ya matso ya sa masa ƙafa a hankali. Tim! Har jakin sai da ya zabura.

Ga samari kewaye, kowa ƙirji a buɗe. Maƙeri ya cire riga ya ce, "A bar ni da shi!" Dattawa suka ce, "Koma, al'ada ba ta ba ka ba. Sai ɗan gida." Garin nan kaf ba wanda ba zai iya gwada Cindo ba, in ban da mutum ɗaya, shi ne kuma ke kwance a ƙasa.

Cindo ya saɓi gangar da hannu ɗaya. Ya tsaya a kan Nomau, bai yi masa dariya ba. Ya ce, "Allah ya jiƙan Arzika." Da ma zaginsa ya yi, da ya fi sauƙi.

Sai wani ya ce, "Ina Dila?" Aka hango shi yana sulalewa. Kun san Dila da gudu, da can ko kare ba ya shan ƙurarsa. Amma yau ciki yana jan ƙasa, masu binsa kuma su ne mutanen da ya sa suka yi ta gudu tun damina. Yana tafe yana ihu, "Wayyo, wa zai karɓa mini gudun nan?" Samari ma ba su wahalar da kansu ba. Mai Unguwa ne ya cafke shi tun kafin ya kai gindin kuka. Gwaggo Tabawa ta karyo tsumagiyar tsamiya, ta shimfiɗa masa, ta ce, "An yi maka, Dila! Ka ji?"

"Na ji a jikina, Gwaggo! Wallahi na ji a jikina!"

Nomau ya koma gida ya zauna a zaure, yana kallon maratayin da ba komai a kai. Da la'asar iska ta juyo daga bayan dutse, ta kawo masa muryar gangar ubansa, ana kaɗa ta ana kirarin Cindo. Ya sa kai a gwiwa ya yi kuka irin wanda bai yi ba ko ranar jana'iza.

Da gari ya waye ya fito ƙofar gida. Samari sun saba, har sun taru. Suka ce, "A yi maka, Nomau?"

Ya ce, "A'a. Ku dai ku wuce gaba."

Ya kama hanyar kukar bakin gari da ƙafarsa, ba gudu ba, tafiya. Ya isa yana gumi, cinyoyinsa suna zafi. Gwaggo tana zaune a gindin kukar, ta ce, "Yaya, ɗan nan?"

Ya daɗe yana mai da numfashi, sannan ya ce, "Yau kam na ji a jikina."

To kun ji, yara. Ana yi wa mutum gayyar gona, ana yi masa gayyar ginin ɗaki, amma ba wanda zai motsa maka jikinka. Kuma duk wanda ya ce ka kwanta zai tsaya maka, ka duba ko cinyar akuyarka yake hange. Ke mai hamma a can baya, gobe da ƙafarki za ki je rijiya.

Ƙurunƙus, kan Dila mai tumbi!