Wa Ya Fara Ginin Tukunya?

Gatanan gatananku, ku matso kusa.

"Ta zo mu ji ta, in ba irin taka ba ce!"

Irin tawa ce, kuma a gabana aka yi.

A da can, dabbobi ba su san tukunya ba. Ruwa a tafin hannu, miya a ganye. Sai Zanzaro ya zauna bakin rafi yana tambayar kansa: me zai hana laka ta riƙe ruwa? Ya kwaɓa, ya gina, ya gasa, har tukunya ta fito.

Al'adar garin kuwa, wanda ya ƙago abu sai ya kai wa Sarki Zaki da ɗan goro, sanƙira ya yi shela a kasuwa. Daga nan ba mai yin irinsa sai da izininsa.

Biri ya leƙo. "Malam Zanzaro, mene ne wannan?"

"Tukunya."

Ya dawo. "Da me aka yi?"

"Da laka."

Ya sake dawowa. "Sannan fa?"

"Sai wuta."

Biri ya gina tasa, ya ɗauki goro, ya riga Zanzaro zuwa fada. Zanzaro ya iso da tasa tukunyar, ya tarar sanƙira na gyara murya. Ya faɗi gaban Sarki. "Ranka ya daɗe, in aka yi shelar nan, ni da laka sai da izinin Biri!"

Zaki ya ƙwanƙwasa tukwanen, ya sansana, ya leƙa ciki. Iri ɗaya sak. Ni ma na leƙa, har ya ce, "Matsa mini, yaro!"

Ya ce, "Biri, kafin wannan, nawa suka fashe maka?"

Biri ya bugi ƙirji. "Ni? Ko ɗaya! Tashin farko na yi ta."

"Kai fa, Zanzaro?"

Zanzaro ya sunkuyar da kai. "Abin kunya ne, ranka ya daɗe. Bayan ɗakina ba wurin sa ƙafa."

Zaki ya ce, "Mu je in gani."

Aka je. Tsingaro tsibi guda! Wannan ta narke a ruwa, wannan ta tsage a rana, wannan ta fashe a wuta. Bayan ɗakin Biri kuwa, ɓawon gyaɗa kawai.

Sanƙira ya shiga kasuwa. "Sarki ya gaishe ku! Tukunya ta Zanzaro ce. Mai son gini ya nemi izininsa. In ya ci moriyarta wasu shekaru, ta zama ta kowa."

Biri ya ce, "To, goron nawa fa?"

Zaki ya ce, "Na tauna."

Ƙurunƙus kan ɓeran rumbu! Kowa na iya kwaikwayon abin da ka gama, amma wahalar farko taka ce. In ka ƙago abu, kai shi fada kafin ka nuna wa biri.